Kafin likita ta sani, unguwa ta riga ta sani: jawabi a kan gano annoba da wuri

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna muna wannan rana ta tunawa da kafuwar ƙungiyarmu, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa. Malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin ƙungiya, ƴan uwana samari da ƴan mata, sannunku da haƙurin zama.

Masu shirya bikin sun ce in kawo wani abu daga cikin karatun da nake yi a jami'a a Maraɗi, amma ya zama abin da zai yi amfani a nan Dakoro, ba wanda zai tsaya cikin kaye ba. To na zaɓi magana a kan yadda ake sa ido a kan cututtuka, da yadda ake gane annoba tun tana ƙarama. A lekol ana ce mata surveillance épidémiologique. Sunan yana da nauyi a baki, amma aikin ƙidaya ne. Ana ƙidaya marasa lafiya kowane mako: wane ne, shekarunsa nawa, daga wane gari, yaushe ciwon ya soma. Sannan a gwada ƙidayar wannan mako da ta makon jiya, ta bana da ta bara. In lissafin ya yi tsalle, an san wani abu ya shigo gari. Ni ɗalibi ne, akwai ma'aikatan lafiya cikin taron nan da sunka fi ni sanin aikin da hannunsu. Abin da nake so in nuna shi ne inda mu, ƴan ƙungiya, muke shiga cikin lissafin.

Mu fara da sanƙarau, don shi ne baƙonmu na kowace shekara. A 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana iyakar yankin da wannan ciwo ya fi yi ma ɓarna, tun daga Senegal har Habasha. Yau ƙasashe 26 ake lissafawa cikinsa, kuma mu muna tsakiyarsa. Lokacinsa kun san shi: daga hunturu, in iska ta bushe ƙura ta tashi, har cikin bazara, sai ruwan farko ya sauka ya kwanta. A 1995 ya kama wajen mutum 40,000 a Nijar kaɗai. A 1996 zuwa 1997 ya kama fiye da 250,000 a Afirka, ya kashe wajen 25,000. Ku tambayi iyayenmu da ke zaune nan, akwai gidajen da har yau ake ƙidaya shekarun yara da wannan shekara. Akwai kuma waɗanda sunka tashi amma kunne ya tafi.

Bayan wannan masifa ne anka gyara tsari. A 1997 anka kafa rumbun allurar rigakafi na duniya, wanda ake kira ICG, inda ƙasa za ta nemi allura in annoba ta faɗo mata. A 1998 ƙasashen Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, sunka amince da tsari guda na sa ido a kan cututtuka, wanda a Nijar muke kira SIMR. Shi ne ake bi har yau.

Ga yadda yake tafiya. Akwai jerin cututtukan da doka ta ce dole a faɗi in an gan su, MDO a taƙaice: sanƙarau, dusa wato ƙyanda, amai da zawo wato kwalara, shan inna, shawara, mashaƙo da sauransu. Ma'aikacin ƙaramar likitar ƙauye yana rubuta duk wanda ya zo cikin rajista. Ƙarshen mako ya tattara ya ba majo na CSI. Majo ya haɗa na yankinsa ya aika ma hukumar lafiya ta gundumar Dakoro, ita ta aika Maraɗi, Maraɗi ta aika Yamai, inda akwai ofishi na musamman a ma'aikatar lafiya, DSRE, mai lura da annoba. Da takarda da wayar tarho ake yi da can, yanzu da yawa ana shigar da shi cikin kwamfuta ta manhajar DHIS2. Wasu cututtukan ma ba a jiran ƙarshen mako. Mutum guda da ake zaton kwalara gare shi, ko yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ranar nan ake bugo waya.

Wani abu da ya burge ni cikin tsarin shi ne rahoton sifiri. Ko majo bai ga kowa ba, sai ya aika ya ce sifiri. Me ya sa? Don shiru yana da fuska biyu. Ko dai ba ciwo, ko kuma majo ya yi tafiya, ko waya ta mutu, ko an manta. In ya rubuta sifiri, an san ya duba bai gani ba. In bai aiko komai ba, ba a san komai ba. Ku riƙe wannan, zan komo gare shi in mun zo kan aikinmu.

Kuma ba a jira sai an tabbatar kafin a ƙidaya. Akwai siffa mai sauƙi da kowane ma'aikaci ya haddace. Zazzaɓi da ya zo farat ɗaya tare da sanƙarewar wuya, wannan zaton sanƙarau ne. Ga jinjiri, wuya ba ya cika sanƙarewa, sai a duba maɗiga ko ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko yana suma. Zazzaɓi da ƙuraje a jiki duka, tare da tari ko majina ko jan ido, zaton dusa ne. An buɗe ƙofar da faɗi da gangan. Gara a shigar da mutum goma, a tarar bakwai ba shi ba ne, da a bar uku na gaskiya su wuce.

Yanzu bari in ɗan daɗe a kan lissafin, don nan ne zuciyar aikin take. Sanƙarau ba ya ɓacewa gaba ɗaya, kowace shekara ana samun ɗaiɗaiku. To yaushe ake cewa ya zama annoba? OMS ta aza layi biyu. A yankin da mutanensa sunka kai 30,000 zuwa 100,000, in an samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, an taka layin farko, na faɗakarwa. Nan ake sanar da na sama, a je a bincika, a ɗebi samfur, a duba ko akwai magani a ajiye. In an kai mutum 10 cikin 100,000 a mako guda, an taka layi na biyu, annoba ce. A yankin da bai kai mutum 30,000 ba, ba a yin wannan rabon: mutum 2 a mako faɗakarwa ce, mutum 5 a mako annoba ce, haka ma in adadin yana ninkawa mako bayan mako har mako uku.

Ku duba abin da wannan yake nufi gare mu. A ƙidayar 2012 mutanen gundumar Dakoro sun wuce 600,000. In an ɗauke ta dunƙule guda, sai an ga mutum 60 a mako kafin a ce annoba. Ke nan ƙauyuka uku a wajen Kornaka ko Birnin Lalle suna iya samun mutum goma sha biyar kwance, lissafin gunduma yana nuna lafiya lau, kamar gishiri cokali guda cikin randa. Shi ya sa ake yanka babbar gunduma gida gida, kowane yanki kada ya wuce mutum 100,000, a yi mashi nasa lissafi. A yankin CSI mai mutum 20,000, yara biyu ne kawai tsakanin shiru da faɗakarwa. Biyu. In ɗaya ya rasu a gida anka binne shi ba wanda ya faɗa, ɗayan kuma anka kai shi wajen mai sayar da ƙwaya a kasuwa, to makon ya wuce da sifiri a takarda, alhali ciwo yana cikin gari.

Kuma lokaci yana da tsada. Abin da ake so, allurar rigakafi ta iso cikin mako huɗu daga ranar da anka taka layin annoba. Cikin mako huɗun nan sai an ɗebi ruwan ƙashin baya na marasa lafiya, an kai shi ɗakin bincike, ga mu a Nijar babbansa CERMES ne a Yamai, an gane irin ƙwayar, an rubuta ma ICG, allura ta hau jirgi, ta hau mota, ta iso da sanyinta. In an makara, annoba ta riga ta ci ta ƙoshi, allurar ta zo ta tarar da zaman makoki.

Na san ɗibar ruwan bayan nan tana ba iyaye tsoro, har wasu suna ɗauke yaro su gudu. Amma ku ji dalilinta. Sanƙarau dangi ne, ba mutum guda ba. Irin da ake kira A shi ne ya yi ɓarnar 1996. A ƙarshen 2010 anka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga ƴan shekara 1 zuwa 29, kuma da yawanmu a nan an yi muna ita muna yara. Ta yi aiki ƙwarai, irin A ya kusan ɓacewa. Sai ga irin C ya ɓullo ta wajen Sakkwato da Kabi a 2013. A 2015 ya faɗo Nijar, ya kama wajen mutum 8,500, ya kashe fiye da 570, har anka rufe makarantu a Yamai. A 2017 ya kama fiye da 14,000 a Najeriya, ya soma daga Zamfara. A ƙarshen 2022 ya taso a jihar Damagaram. Da ido ba ka raba A da C, wuyan duka iri ɗaya yake sanƙarewa. Wanda anka yi ma allurar A, C yana iya kama shi. Ruwan bayan ne kaɗai ke faɗin wace allura za a nema. Yanzu an samu sabuwa mai kare iri biyar a haɗe, Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta bi a shekarar. Duk da haka ba a daina ɗibar samfur ba, don ƙwayar da ta canza sau ɗaya tana iya sakewa.

To duk wannan tsari da na zana, yana da rami guda babba, kuma a ganina ya fi matsalar kwamfuta da ta mota. Rajista ba ta ganin kowa sai wanda ya tako ƙofar likita. Mu kuwa mun san hanyar da ciwo yake bi a garuruwanmu. Kwana na farko jiƙo, na biyu ƙwayar mai tebur, na uku rubutu ko wanzami, sai an ga ido ya juya ake neman amalanke ko kabu-kabu. Ban faɗi wannan don raina kowa ba. Wanda ke rugga a arewacin Tarka, tafiyar yini tsakaninsa da CSI, kuma ko da yake tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, kuɗin hanya ba kyauta ba ne. Amma sakamakon shi ne: unguwa tana sanin labari kwana da kwanaki kafin majo ya ji. Liman ya san ya sallaci gawa uku daga gida ɗaya. Masu haƙar kabari sun sani. Malamin makarantar allo ya san almajirai shida suna kwance a zaure guda. Ungozoma ta sani, mai tebur ya san maganin zawo ya ƙare mashi tun hantsi. Labarin yana nan, bai dai hau hanyar da za ta kai shi inda za a yi aiki da shi ba.

Masana sun ba wannan gefe suna, sa ido ta hanyar abin da ya faru, ba ta rajista ba. Ba sai ka san sunan ciwon ba. Ka dai ga abin da ba a saba gani ba, ka faɗa. Kuma tarihi ya nuna da irin wannan anka ci manyan yaƙoƙi. Agana, wadda kakanninmu ke ɗauke da zanenta a fuska, ba da yi ma kowa allura kaɗai anka kashe ta ba. A ƙarshen 1966 a gabashin Najeriya allura ta yi ƙaranci, sai wani likita Ba'amurke, William Foege, ya sa anka riƙa aiko mashi labarin duk ƙauyen da ta ɓulla, ya je ya yi ma mutanen da ke kewaye da mai ciwon. Dabarar ta bazu duniya, a 1980 anka shelanta agana ta ƙare. Kurkunu ma haka: mutanen ƙauye ne anka ba littafi suna ƙidaya, har da lada ga wanda ya nuna mai ciwon, kuma a 2013 OMS ta shaida Nijar ta rabu da shi.

Ku gwada labari biyu na Ebola. A Gini ciwon ya soma a wani ƙauye a Disamba 2013, ba a gane shi ba sai Maris 2014. Wata uku. Kafin a kashe wutar, mutum fiye da 11,000 sun rasu a Gini da Laberiya da Saliyo. A Legas kuwa, mai ciwon ya sauka daga jirgi ranar 20 ga Yuli 2014, wata likita, Ameyo Adadevoh, ta yi zato, ta hana shi fita asibiti, ta sanar. Anka bi sawun mutum kusan 900 da sunka yi hulɗa da masu ciwon, ana duba su kullum har kwana 21. Mutum 20 sunka kamu a Najeriya duka, 8 sunka rasu, har da ita likitar. Birni mai mutum miliyoyi. Daga irin wannan darasi ne a 2021 masana sunka kawo ma'aunin 7-1-7: a gane annoba cikin kwana bakwai da ɓullarta, a sanar da hukuma cikin kwana ɗaya, a tada aikin farko cikin kwana bakwai. Bakwai ɗin ƙarshe na gwamnati ne. Bakwai ɗin farko, rabinsa a hannunmu yake.

Mu dawo kusa da gida. A watan Yuli 2018 kwalara ta shigo jiharmu ta gundumar Madarunfa. Na farkon da anka gani ƴan gida ɗaya ne da sunka fito daga Jibiya a jihar Katsina. Kafin shekarar ta ƙare ta kama fiye da mutum 3,500 a ƙasar, mafi yawa a jihar Maraɗi. A 2021 ta dawo ta kama fiye da 5,000. Ciwo ba ya nuna takarda a kan iyaka, kuma mu mutanen kasuwa ne da ci rani: Kano, Agadas, Jado, Libiya. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin yini guda don ruwan jiki ya ƙare, alhali maganin farko yana cikin kowane gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba shi ana kan hanyar likita. Wanda kuma ya rasu da ita, gawarsa tana ɗauke da ciwon. Masu wanka su nemi ma'aikatan lafiya su nuna musu yadda ake yi da ruwan jabel, kuma kada mai wanka ya koma ya sa hannu cikin abincin sadaka.

Na biyu ya shafi ƴan uwanmu makiyaya. A Agusta 2016 wani zazzaɓi mai sa zubar jini ya ɓulla a Cintabaraden da Tasara, a jihar Tawa, maƙwabtanmu. Ɗakin binciken Pasteur na Dakar ya tabbatar zazzaɓin Rift ne, mutum fiye da 30 sunka rasu, yawancinsu masu kiwo. Abin lura, ciwon dabba ne kafin ya zama na mutum. Tumaki da awaki da raƙuma suna ta ɓari, ƙanana suna mutuwa, sannan ya kama wanda ya taɓa jinin ko mahaifar, ko ya sha ɗanyen nono. Wato garke yana yin gargaɗi kafin mutum ya faɗi. Mu da dabbobi ke ratsa ƙasarmu kowace shekara, suna cika kasuwar Sakabal da ta Dakoro, in kunka ji makiyayi yana cewa bisashensa suna ɓari ba ƙaƙƙautawa, wannan ba hirar shayi ba ce. A gaya ma ma'aikacin kiwo, a gaya ma majo, su biyun duka.

Akwai mai cewa, ai ciwo da mutuwa na Allah ne, mene ne na ƙidaya? Malamai suna nan, su ne masu fatawa, ni tarihi kawai zan tuna muna. A shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sarg, sai shugabannin runduna sunka taro shi da labarin annoba ta faɗa ƙasar, wadda ake kira ta Amwas. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya nuna mashi komawar ma cikin ƙaddara take, ya buga mashi misali da makiyayin da ya tarar da kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma ba wanda zai zaɓi fako. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya iso ya faɗi abin da ya ji daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, na hana shiga ƙasar da annoba take da hana fita daga cikinta. Abin da ni nake kallo cikin ƙissar shi ne farkonta. Duk shawarar ta yiwu ne don labari ya iske Umar kafin ya shiga. Shugabannin Sham ba su ɓoye ba don kada a ce ƙasarsu ta ɓaci.

Mu kuwa muna ɓoyewa, kuma gara mu faɗi dalilan. Akwai kunya, kada a ce gidan wane ne ya kawo ciwo. Akwai tsoron a hana kasuwa ko a ɗage biki. Akwai kuma rashin yarda, wanda ba daga sama ya faɗo ba. A 1996, cikin tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara wajen 200 a Kano, 11 sunka rasu, anka yi shekaru ana shari'a kafin sulhu a 2009. Wanda ya tuna wannan ya yi tambaya, yana da haƙƙi. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A 2003 anka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohi kusan shekara guda, ciwon ya bazu ƙasashe wajen ashirin, har da namu, har ya kai Indonesiya. Yaran da sunka shanye a lokacin sa'o'inmu ne, wasu suna kan keken guragu yau. Sai 25 ga Agusta 2020 anka shelanta Afirka ta rabu da ƙwayar daji ta shan inna, kuma har yanzu ana nema: duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da hannu ko ƙafa ta saki mashi farat ɗaya, ana so a ɗebi bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14. In an tsaya ana cewa iska ce ta taɓa shi har wata ya wuce, samfurin ba ya ƙara faɗin gaskiya.

Sai gefe na biyu, wanda ya fi shafar mu matasa: salula. Faɗa ma majo daban, sakin murya a WhatsApp daban. Wanda ya ɗauki hoton mara lafiya, ya ambaci sunan gida, ya tura rukuni goma yana cewa kwalara ta shigo unguwa kaza, bai yi sa ido ba. Ya tona asirin musulmi, ya tsorata gari, kuma ya koya ma gida na gaba su rufe ƙofa su yi shiru. Sunan mara lafiya wurin ma'aikacin lafiya kaɗai yake zuwa. Shelar annoba aikin hukuma ne bayan bincike. In kuma wani saƙo ya iso muku, kafin ku tura ku tambayi wanda aikinsa ne.

Ga abin da nake roƙon ƙungiya ta duba, shugabanni su gyara inda ya karkace. Muna da mutane a kusan kowane masallaci da makarantar islamiyya a garin nan da ƙauyuka da dama. A kowane wuri a sa mutum biyu, namiji da mace. Na nace a kan mace, don cikin gida ne yara ke kwanciya, kuma ɗan uwa namiji iyakarsa zaure. Ƴan uwa mata da yawa sun riga sun iya awon dantsen yaro da ɗan zaren nan mai launi uku, wanda ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA sunka koya ma uwaye, ja yana nufin ƙasa da milimita 115, a kai shi yau. Wanda ya iya wannan zai iya sauran. Mutum biyun nan su san relais na unguwarsu, wato ɗan sa kai da likita ta riga ta naɗa, su yi aiki tare da shi, kada mu kafa wata hukuma a gefe. Abin da za su faɗa bai da yawa: mutum biyu ko fiye a gida ɗaya ko makaranta ɗaya da ciwo iri guda cikin mako, rasuwar da ta zo a jere ba a san dalili ba, babba mai zawo kamar ruwan shinkafa, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ƙuraje da zazzaɓi, yaron da gaɓarsa ta saki, da ɓarin dabbobi ko mutuwarsu da yawa.

A kowane masallacin da ake sallar gawa a aje ɗan littafi: rana, namiji ko mace, babba ko yaro, unguwa. Ba suna, ba dalilin rasuwa, don wannan ba saninmu ba ne. Wata uku kawai in an yi, za a san nawa aka saba gani a mako, kuma ranar da ya ninka, liman zai gani da idonsa. Kowace Juma'a bayan salla, wakilai su aiko saƙo ga mutum guda da ƙungiya ta zaɓa, ko da kalma ɗaya ce, sifiri. Wanda bai aiko ba a kira shi.

Za a yi kiran da za a zo a tarar masassarar damina ce kawai, ko abinci ne ya ɓaci a gidan suna. Kada wanda ya kira ya ji kunya, kada kuma a yi mashi dariya, tsarin da kansa an gina shi ne a kan zato. Za a kuma yi kiran da ba za a zo da wuri ba, don babu mai a babur ko ma'aikaci guda ne ke riƙe da likita duka. In haka ta faru a rubuta ranar da anka kira da ranar da anka zo, a kai ma kwamitin lafiya na yankin, a sake kira.

Hunturu bai da nisa. Kafin iska ta juya, ina roƙon shugabanni su naɗa mutum uku su je su zauna da majo na kowace CSI da muke da mambobi a yankinta, su tambaye shi wace lamba za a kira dare ko rana, su wane ne relais na kowace unguwa, kuma wace rana zai iya ba wakilanmu awa biyu ya nuna musu alamomin da bakinsa. Kuɗin katin waya na wakilai, in an raba shi a kan mambobi, bai kai na shayin mako guda ba, ma'aji yana iya kawo lissafinsa a zama mai zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda sunka riga mu.